Ku Matso, 'Yan Babu-Korona, Mu Yi Lissafi

'Yan majalisar musu! Ku gyara zama, mai shayi ya ƙara wa kowa kofi, yau da ku nake. Na san ku sarai. Ku ne a shekarar 2020 kuke jiran dare ya raba, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta saki alƙalumanta na korona, ku karanta su kamar sakamakon ƙwallon Ingila: Legas ce a sama, Abuja na biye, Kano ta taso da ƙarfinta. Wani ya ce yau an zura mana ɗari uku, a fashe da dariya, a tafa. Sai sarkin musu ya gyara hula ya yanke hukunci: duk ƙarya ce, a ofis ake zama a rubuta lambobin don a turo kuɗi daga waje.

To, albishirinku. Na yarda alƙaluman nan ba daidai suke ba. A'a, Alhaji, sauke hannun tukuna, kada ka yi saurin tafi. Inda kuka ce an yi ƙari, ragi aka yi.

Kun taɓa tambayar yadda mutum ɗaya yake shiga lissafin nan? Sai ya ji zazzaɓi ko tari, ya yarda ya kai kansa ko ya kira ma'aikata. Sai a zura masa tsinken auduga a hanci har ya ga taurari da rana. A sa samfurin cikin sanyi, a kai ɗakin gwaji, na'ura ta tabbatar, jami'in jiha ya shigar da sakamakon a kwamfuta, Abuja ta tattara na jihohi 36 da babban birnin tarayya, sannan ya fito a wayarka. Ko'ina igiyar nan ta tsinke, mutumin ya ɓace daga lissafi. Lokacin da aka samu mutum na farko, wani ɗan Italiya a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, ɗakunan gwajin da ke iya wannan aiki ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Masuncin da ya jefa koma a Matan Fada ya fito da kifi uku, ai bai ce kifi uku ne a kogin ba.

Yanzu ku dube ni ido cikin ido. A wancan lokacin da kuka kwana biyar ba ku jin ƙanshin miya, har kuka zargi uwargida da rage daddawa, wa ya je gwaji a cikinku? Shiru kake ji. Cewa kuka yi mura ce mai naci, aka dafa citta da lemon tsami, aka yi siracen tazargade a ƙarƙashin bargo, aka gargaɗi yara kada su faɗa wa kowa don kar a zo da motar asibiti a killace maigida. Kun ɓoye kanku daga mai ƙirga, kuka dawo majalisa kuna cewa bai iya ƙirga ba. Wannan wayo ko gizo sai ya sara muku.

Hukumar ma ta san komarta ƙarama ce, shi ya sa wajen watan Oktoba na 2020 ta bi gida-gida a jihohi huɗu tana ɗibar jini, don jini yana riƙe alamar cutar ko da mutum ya warke bai sani ba. A Legas da Inugu an samu kashi 23 cikin ɗari sun riga sun kamu, a Nasarawa 19, a Gombe 9. Ku yi lissafin da kanku, ku da kuka iya lissafin adashi: kashi 23 na mutanen Legas miliyoyi ne, alhali a lokacin duk ƙasar ba a rubuta mutum 70,000 ba.

In kuna neman gwaninku kuwa, ku je Kogi. Can gwamnan wancan lokaci ya tsaya kai da fata cewa jiharsa ba ta da cutar, gwaji ya zama abin kai ruwa rana, aka ƙare da mutum 5 kacal a rubuce. Jihar da motocin Kudu da na Arewa suke ratsawa dare da rana! Wato ƙwayar cutar tana isa Lakwaja sai ta ɗaure ɗamara ta wuce ba ta ko sauka shan ruwa.

Na san makaminku na ƙarshe, don na sha jin sa: "To ina gawarwakin? Mun ga na Italiya a talabijin, ina namu?" A nan zan rage wasa, saboda amsar tana da nauyi. Namu mun binne su. Mu mutane ne da in mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Haka addini ya koya mana, kuma haka ya dace. Sai dai babu likitan da ya duba, babu takardar da aka cike. A watan Afrilu na 2020, masu haƙa kabari ne a Kano suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu, tun kafin wani jami'i ya buɗe baki. Dattawa, malamai, 'yan boko, attajirai, aka riƙa jin sanarwa bayan sanarwa. Da gwamnatin tarayya ta turo masu bincike, ba gawa za su tono ba, sai suka bi iyalai suna tambayar yadda mamacin ya yi jinya: ya yi zazzaɓi, ya yi tari, numfashi ya sarƙe? A watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce ta yi sanadi ko ta ingiza. Da yawanku kun je ta'aziyyar nan. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ku ajiye wannan a gefe, ku dubi jimillar da ƙasa ta rubuta har aka daina zancen: mutum sama da 266,000 sun kamu, 3,155 sun rasu. Ba mu kaɗai ne lissafinmu ya gaza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kwatanta yawan mutuwar 2020 da 2021 da abin da aka saba gani, ta ce rarar ta kai wajen miliyan 14.9, alhali ƙasashe sun kai rahoton miliyan 5.4. Amma wannan dabara tana buƙatar a san nawa ake mutuwa a shekarar da babu annoba, mu kuwa a nan mutuwar da ake yi wa rajista ba ta wuce kusan ɗaya cikin goma ba. Da me za a kwatanta?

Ban ce ba ku da hujjar zargi ba. Wanda aka kulle a gida makonni babu abin kai wa baki, sannan a watan Oktoba na 2020 ya ga an fasa rumbunan ajiya ana kwaso taliya da shinkafar tallafin korona, ba ka zo masa da jadawali ka ce ya gaskata. Kuma gaskiya ne cutar ba ta yi mana irin kamun Turai ba, tun da yawancinmu yara ne da matasa, ita kuwa ta fi ƙarfi a kan tsofaffi. Amma batun "cutar manya ce" da kuka kama tun da ta ɗauki Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na wancan lokaci, Allah Ya gafarta masa, ku sake tunani. Babban mutum ana gwada shi, a sanar a rediyo. Talaka sai a ce ɗan zazzaɓi ya yi, kwana ya ƙare.

Saboda haka, Alhaji sarkin musu, ga aikin gida. In aka yi rasuwa a gidanku, Allah Ya sa da nisan kwana, bayan sadakar uku a tura yaro ofishin hukumar ƙidaya na ƙaramar hukuma a rubuta. In wata annobar numfashi ta zo, Allah Ya kiyaye, aka ce a kawo hanci, ka kai naka da kanka, ka ja 'yan majalisa su biyo ka. Daga nan in lissafi bai yi daidai ba, ni zan riƙe maka lasifika.

Mai shayi, kuɗin yau a wuyana. Amma ka ƙirga kofunan a gabansu ɗaya bayan ɗaya, don waɗannan mutanen yanzu sa ce ka yi ƙari.