Masu Tonon Tsohuwar Zuma

A cikin masu son kiɗan ƙasaita na Turai akwai wata zuriya, 'yan tono, waɗanda kunnensu ba ya jin daɗin kiɗa sai wanda ƙura ta binne. Na farkonsu Mai-Sa'a ne, kuma ubangidansa shi ne Pablo Casals, wanda yana ɗan shekara 13 ya tsinci takardun kiɗan babban goge na Bach a wani shagon gwanjo a Barselona, ya shafe fiye da shekara goma yana gwaji kafin ya yarda jama'a su ji. Na biyu Marowaci: yana ƙaunar kiɗan muddin mutum uku kaɗai suka san shi, ranar da rediyo ta sa shi kuwa sai ya ce ai ya lalace. Na uku Maroƙi, wanda duk takardar da ya zaƙulo daga akwati ta fi ta Beethoven, ko da mai ita da kansa ya ɓoye ta don kunya. Na huɗu Mai-Wa'azi, wanda in ka gaishe shi a hanya sai ka saurari faifai uku kafin ya amsa.

Sai kuma Malam Shakka, wanda ke zaune gefe yana cewa abin da duniya ta manta ya cancanci mantuwa. Maganarsa ba ta rasa gaskiya, don yawancin buhun gwanjo tsumma ne. Amma mantuwa ba alƙali ba ce, sau da yawa sakaci ne ko son zuciya. Bach ya rasu a 1750, babban aikinsa na kiɗa a kan Linjilar Matta ya kwanta har Mendelssohn ya farfaɗo da shi a Berlin a 1829. Babbar sinfoniyar Schubert tana jibge a gidan ɗan'uwansa sai da Schumann ya gano ta, aka kaɗa ta a 1839. Florence Price, mai tsara kiɗa baƙar fata 'yar Amurka, a 2009 aka tsinci tarin takardunta a wani kango a jihar Illinois. Wace kotu ce ta yanke wa waɗannan hukunci, in ba ɓeraye da yoyon rufi ba?

Saboda haka a yi wa 'yan tono uzuri. Maroƙi zai yi kuskure sau tara, ya dace a na goma, kuma wannan na goman ne Malam Shakka zai sayi tikitinsa bayan shekara ashirin, ya zauna a layin gaba, yana gyaɗa kai yana cewa shi tun da can ya san da tsohuwar zuma ake magani.