Kwastan ɗin Aji Ya Tsufa

Ni malamin makaranta ne a Illela, kuma furfura ta ba ni lasisin faɗin abin da sababbin malamai ke jin nauyin faɗa: yaƙin da muka daɗe muna yi da littattafan soyayya, mu aka ci, gara mu ajiye makamai tun da sauran mutuncinmu. Ɗan garin nan ba sai an yi masa bayanin kame ba, ga Ƙonni ta Nijar nan da ƙafa ma ana zuwa. An rufe iyaka a watan Agustan 2019 sai Disamban 2020 aka buɗe, aka sake garƙamewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Shinkafa ba ta fasa shigowa ba, hanyar daji ta koya a bayan babur. To haka aikinmu yake a aji: malami ne kwastan, jakar ɗaliba ce motar kaya, kayan kuwa a naɗe suke cikin bangon littafin lissafi. Bambancin kawai, kwastan kan yi gwanjon abin da ya kama, mu kuwa durowa muke sakawa, mu jira ofishin malamai ya watse, mu gyara zaman tabarau da sunan binciken irin gubar da ake ba yara. A nan tarkon yake kama mai shi. Marubutan nan ba sa sakin labari a dunƙule, kashi-kashi suke yi, kuma na ɗaya yakan ƙare ne daidai inda aka kawo kuɗin auren wanda yarinya ba ta so. Washegari sai ka ga dattijo ya tsananta bincike a aji biyar, yana zazzage jaka yana wa'azin tarbiyya, alhali kashi na biyu yake nema.

Tarihi ma bai goyi bayanmu ba. Tun 1980 So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito ta hannun kamfanin NNPC na Zariya. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya, ya zagaye ƙasar Hausa hannu zuwa hannu har bango ya yage. Ibrahim Malumfashi, yana koyarwa a jami'ar Usmanu Danfodiyo nan Sakkwato, ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, suka yi ta fafatawa da su Abdalla Uba Adamu a jaridu. A 2007 kuwa gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau, wanda shi ma alli ne ya yi masa riga da wando, ta kai ga cinna wa tarin littattafan wuta a bainar jama'a. Wannan shi ne kame mafi girma da wani malami ya taɓa yi. Bayan shekara biyar aka buga fassarar littafin Balaraba da Turanci a Indiya.

Za a ce mini suna ɓata tarbiyya. Akwai na banza a cikinsu, ban musa ba, kamar yadda akwai a kowane irin rubutu. Sai dai wanda ya karanta da yawa (don bincike, na faɗa) ya san yawancinsu kan auren dole suke, da kishi, da saki, da yarinyar da ke son a bar ta ta gama makaranta, kuma mugu ba ya kai shafin ƙarshe lafiya. Abubuwan nan ba a littafi ɗalibanmu suka fara ganinsu ba, a tsakar gida ne. Kuma mu da muke tsine wa soyayya, wa ya koyar da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East? Saurayi da budurwa ne, da attajirin da ya shiga tsakani da dukiyarsa. Da yake Bature ya sa hannu, ga shi ya tsufa, sai muka kira shi adabi har muna ba da maki a kansa. Za a kuma ce suna ɓata ƙa'idar rubutu, ana haɗe kalmomi, ana zubar da ƙugiyar ɗ da ƙ. Gaskiya ne, amma wannan aikin jan biro ne, kuma an ba mu jan biro. Yarinyar da ta cinye shafi ɗari biyu a dare ɗaya da fitilar ƙwai, ita za a iya gyara wa rubutu. Wanda bai iya haɗa baƙi ba, me za ka gyara masa? Muna kukan yara ba sa karatu, sannan muna ƙwace abu ɗaya da suke karantawa ba tare da bulala ba.

Ƙorafi mafi zafi shi ne na sa'o'ina, masu cewa bai dace mai jika ya zauna yana bin labarin samari ba. Ai tsoho ne ya fi cancanta, don shi ya san abin da ke biyo bayan walima: kuɗin cefane, albashin da ke ƙarewa kafin sati, surukar da ta zo kwana uku ta yi wata. Idan ya kawo littafin aji ya tambayi yara ko jarumin nan mai motoci bakwai yana da sana'a, darasi ya samu. Kuma lokaci bai bar mana zaɓi ba. Kayan sun bar takarda sun koma waya, ana tura su ta WhatsApp, ana sauraron su a YouTube, rubutun ƙanana ne, wayar kuma da lambar sirri, don haka ko ka kama sai ka roƙi mai laifi ta buɗe maka. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kai ritayar malami shekara 65 ko 40 a bakin aiki. Inda aka aiwatar da ita, an ƙara mana shekara biyar ke nan na sintiri a kan iyakar da ba ma iya gani ko da tabarau biyu.