Telan Gurda da ragonsa

A unguwar Gurda da ke Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, akwai wani tela mutumin ƙasar Damagaram, wanda duk Bahaushen da ya kwana biyu a garin ya san ƙofar shagonsa. Ba zan kama sunansa ba, domin mutum ne mai 'ya'ya da surukai. Ya shigo ƙasar a ƙarshen shekarun 1990, zamanin da Gaddafi ya juyo da fuskarsa ga Afirka, aka kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara a Turabulus a 1998, aka kuma sakar wa masu neman aiki mara. Ya biyo hanyar da kowa ke bi, daga Agadas zuwa Dirku, Madama, Gatrun, sannan Sabha. Kan keken ɗinkinsa a cikin buhu ya zo da shi, da niyyar ya yi shekara biyu, ya tara kuɗin aure da na shanun huɗa, ya koma gida.

Allah ya sa wa hannunsa albarka. Kafin a jima ya iya ɗinkin farmalar Larabawa kamar a ciki aka haife shi, ga kaftani da surfani da 'yan uwanmu ke nema in sallah ta matso. Ya ɗauki yara biyu masu koyo. Daga baya ya nemi auren wata mata 'yar asalin Gat, daga gidan da ake jin Hausa tun zamanin fataken da ke ɗauko turkuɗi da jemammun fatu daga Kano su ratsa Gat da Murzuƙ zuwa bakin teku. 'Yar ƙasa ce cikakkiya, sunanta na cikin littafin iyali na mahaifinta. Aka ɗaura aure a masallaci, da waliyyi da shaidu da sadaki, aka shafa fatiha. Yayan amarya ya ja shi gefe ya ce masa akwai dokar 1984 da ta ce 'yar Libiya ba ta auren baƙo sai da izinin hukuma, don haka su je a nemi izinin a kuma rubuta auren. Tela ya ce aure ya riga ya ɗauru a wurin Allah, kuma shi da zai kwashe iyalinsa baɗi, me zai kai shi layin ofis?

Baɗin nan ta zo ta wuce sau da yawa. Da aka far wa baƙaƙen fata a Zawiya a shekarar 2000, ya ce bana kam tafiya ta kama. Ya faɗi haka a 2011 da gwamnati ta faɗi. Ya sake faɗa a 2012 da 2014, lokacin da Tubawa da Aulad Sulaiman suka gwabza a cikin Sabha, shago ya yi makonni a kulle. Da ƙura ta lafa sai ya ɗaga ƙofa ya zauna kan keke. Fasfonsa ya mutu a cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin yadin da aka ajiye don sallah. Aka haifi 'ya'ya huɗu, kowanne aka yanka masa rago ranar suna, aka ci aka sha, aka yi addu'a. Babu ko ɗayansu da aka kai sunansa ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke cikin garin, ko wani ofishin rajista na Libiya.

Babbar 'yarsa ta shiga makaranta da katin asibitin da aka haife ta da kuma bakin kawunta, wanda shugaban makarantar ke jin kunyarsa. Yarinya ce mai kai. Wutar Sabha takan ɗauke sa'o'i masu yawa a tsakiyar zafi, ita kuwa da fitilar waya take bitar darasi a kan rufin gida. Tun tana ƙarama take cewa likita za ta zama, don ta ga yadda mata 'yan ci-rani ke nakuda a gida saboda tsoron a tambaye su takarda. Da sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, makinta ya kai na masu neman likitanci. Uban ya raba alewa har shagon maƙwabta.

Jami'ar Sabha ita ce burin duk ɗan Fazzan mai son karatu. Ta faro a 1976 a matsayin tsangayar koyon malanta a ƙarƙashin jami'ar Turabulus, ta tsaya da ƙafarta a 1983, ta kuma buɗe rassa a garuruwa irin su Ubari, Murzuƙ, Birak da Gat. Ga yarinyar da iyayenta ba za su bari ta yi tafiyar sama da kilomita 700 zuwa Turabulus ita kaɗai ba, wannan ce ƙofar. Ta cike takardun neman gurbi, ta kai, ta jira. Amsar da ta zo gajeriya ce. Ba a karɓi buƙatarta ba saboda fayil ɗinta bai cika ba. Aka lissafa abin da ya rage: shaidar lambar ɗan ƙasa ta uwarta, takardar auren iyayenta mai hatimin hukuma, da takardar haihuwarta ita kanta. A ƙasa aka rubuta cewa tana da damar shigar da koke kafin rana kaza.

Sai an san yadda takarda take a Libiya kafin a gane nauyin wannan amsa. Tun 2013 aka fito da lambar ɗan ƙasa, kuma da ita ake karɓar albashi, a yi fasfo, a yi rajistar zaɓe. A Fazzan akwai dubban iyalan Buzaye da Tubawa da aka haifa a nan, wasunsu iyayensu sun yi wa ƙasar soja, amma har yau ba su da lambar. Waɗannan sun yi shekaru suna bin ofis-ofis, sun yi zanga-zanga, sun rubuta koke har sun gaji, kuma ni a ganina an tauye su. Haka ma 'ya'yan matan Libiya da suka auri baƙi: dokar zama ɗan ƙasa ta 2010 ta ba namiji damar gadar wa ɗansa ƙasa kai tsaye, ta bar ɗan mace a hannun kwamiti. Wannan ma ba adalci ba ne. Amma a watan Oktoba na 2022 gwamnatin Abdulhamid Dabaiba ta fitar da ƙuduri cewa irin waɗannan 'ya'ya su samu karatu da magani kyauta kamar 'yan ƙasa, ko da ba a ba su ƙasar ba. Ke nan 'yar tela tana da hujjar da maƙwabcinta Buzu mazaunin unguwar Ɗayuri ba shi da ita. Abin da ake so kawai ta nuna a rubuce cewa wannan mata uwarta ce, wannan mutum kuma mijin uwarta ne.

Yarinyar ta karanta wa ubanta takardar a shago, ta ce, "Baba, abu uku suka ce. Na Umma yana hannu. Sauran biyun sai ka je kotu da kanka, kai da shaidun ɗaurin aurenku."

Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu. Ya ce, "Ke yarinya ce, ba ki san ƙasar nan ba. Nan ba takarda ke aiki ba, sanayya ce. Bar ni da su."

Akwai wani babban mutum da ya shekara goma yana yi wa ɗinki, wanda aka ce ƙanen matarsa yana da faɗa a wajen manya. Tela ya sayi shadda mai tsada da kuɗinsa, ya kwana uku yana yi masa kaftani da aiki a wuya. Ya je kasuwar dabbobi ya zaɓo rago, ya sa yaransa suka ja har ƙofar gidan. Mutumin ya ji daɗi, ya ba shi shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki, ya dafa kafaɗarsa ya ce in sha Allahu, ya ɗauka an gama. Tela ya dawo yana faɗa wa majalisar bakin shago cewa magana ta wuce wurin. Mako ya zagayo ya koma, aka ce mai gida ya tafi Turabulus. Ya sake komawa, aka ce ya dawo amma yana barci. A duk kwanakin nan takardar na cikin aljihun rigar da ya rataye a ƙusa, kuma ranar da aka rubuta a ƙasanta tana matsowa.

Da uwar yarinyar ta matsa, sai ya yarda a rubuta koke. Ya tafi wurin wani dattijon Bafazzane da ke zama kusa da kotu yana rubuta wa mutane takardu. Ya zauna ya fara shifta masa: a yabi shugabanni, a ce shi talaka ne baƙo, ya shekara ashirin da ɗoriya bai taɓa faɗa da kowa ba, a dubi girman Allah a tausaya wa 'yarsa. Dattijon ya ajiye alƙalami ya ce a ba shi amsar da jami'a ta aiko. Ya warware ta ya karanta a tsanake.

Ya ce, "Ya Hajji, sana'arka me?"

"Ɗinki."

"In mutum ya dawo maka da riga ya ce hannun ya yi gajere, sai ka zauna kana ba shi labarin kirkinka, ko sai ka ɗauko tef ka sake awo?"

Tela ya yi shiru.

Dattijon ya ce, "Waɗannan mutane ba su ce 'yarka ba ta da ƙoƙari ba, ba su ce kai mugu ne ba. Sun faɗi abin da babu. Koken da za a saurara layi biyar ne: ga sunanta, ga lambar fayil ɗinta, ga dalilin da kuka ba da, ga takardun da kuka nema a liƙe, ga ƙudurin da ya ba ta haƙƙi. In takardun ba su samu ba tukuna, a liƙa rasidin kotu da ke nuna an shigar da maganar tabbatar da aure, a roƙi ƙarin lokaci. Ƙofar kotun ga ta nan, taku ashirin. Shaidunka suna raye?"

Ɗaya ya rasu, ɗaya yana nan a unguwar Mahadiyya, limamin da ya ɗaura kuma ya tsufa amma hankalinsa garau. Abin da zai yiwu ne. Sai dai shiga kotu na nufin ya tsaya gaban alƙali ya ciro mataccen fasfo, ya amsa da bakinsa cewa shekara da shekaru bai yi abin da ya kamata ba, wataƙila a ci shi tara, kuma labari ya kai majalisa. Ya ce wa dattijon ya rubuta yadda ya shifta masa, shi ya san abin da yake yi. Dattijon ya rubuta, ya karɓi kuɗinsa, ya ce Allah ya sa a dace.

A daren nan yayar matarsa ta zo gidan. Mace ce da ba ta tauna magana. Ta ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya, wannan ya wuce. Amma yau ma rana ce. Kuɗin ragon da ka kai gidan wancan mutumin ya isa tara da kuɗin hatimi har a yi saura. Kunyar da kake gudu ta yini ɗaya ce. Yarinyar nan shekara goma sha biyu ta yi tana karatu."

Ya ce, "Yaya, na ji. Bari dai mu ga abin da Alhaji zai yi."

Koken ya shiga ana saura kwana ɗaya, shafi biyu cike da roƙo, babu ko takarda ɗaya a liƙe. Amsar ta dawo da layin da ta zo da shi tun farko: fayil bai cika ba. Ƙawayen yarinyar suka fara zuwa lacca da fararen riguna a hannu, ita tana gida tana taya uwarta girki. Ba ta yi wa ubanta tsiwa ba. Ta daina hawa rufin gida da littafi, shi ke nan.

Da abin ya dame shi sai ya ce to, zai mayar da ita gida ta yi karatu, ai akwai Jami'ar Musulunci a Say wadda ake koyarwa da Larabci, akwai kuma jami'a a Damagaram. Wani direba da ke jigila tsakanin Agadas da Sabha ya ce masa can ma takardar haihuwa za a fara tambaya, kuma wanda ba a yi wa ita da wuri ba sai an je gaban alƙali da shaidu. Wani ɗan Kano mai gyaran waya ya ce su a wajensu tun 2021 ba a yi wa yaro rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma duk shekara sai jarrabawa ta ƙarato ake ganin iyaye a layi tun asuba, wani da sunan ɗansa iri uku a takardu uku, wani shekarun haihuwar sun saɓa, kowa yana neman wanda ya san wani. Majalisa ta yi tsit na ɗan lokaci, don rabin waɗanda ke zaune masu 'ya'ya ne.

Uwar ce da yayarta suka ɗauki limamin a mota suka kai shi kotu. Alƙali ya ce sai mijin ya zo da kansa. Ya zo a zama na biyu, da sabon fasfon da ya yi wata uku yana nema, ya amsa tambayoyin da aka yi masa, aka gama kafin azahar. Yarinyar za ta sake neman gurbi, tare da waɗanda a da take koya wa lissafi. Ƙannenta uku har yanzu da katin asibiti suke zuwa makaranta, kuma mai bi mata zai zauna jarrabawar sakandare nan da shekara biyu.