Masu Sayen Man Birki a Hanyar Goronyo

Duk mai shagon kayan mota daga Achida zuwa Goronyo ya san kwastomominsa na man birki tun kafin su buɗe baki.

Akwai Ɗan Lamba. Shi a wurinsa babbar lamba ita ce babban mai, don haka yana ganin DOT 3 da DOT 4 zai yamutsa fuska ya ce, "Maigida, ba ka da biyar?" Bai san DOT 5 ba ɗan gidansu ba ne. Da silikon ake yin sa, launinsa shunayya, ba ya gauraya da sauran, kuma ba a zuba shi a mota mai ABS. Ɗan'uwan uku da huɗu na jini shi ne DOT 5.1. Wanda ya ƙera motar ma ya rubuta irin man da take sha a kan murfin, sai dai ƙurar Rabah ta rufe rubutun, shi kuwa Ɗan Lamba bai taɓa sa tsumma ya goge ba.

Abokinsa shi ne saurayi mai Benz, wanda ya kalli tseren motoci a waya ya aika Kano a sayo masa Motul RBF 600. Man kirki ne, sai zafi ya haura digiri 300 yake tafasa, alhali abin da doka ta nema ga DOT 4 digiri 230 ne. Filin tserensa kuwa rakiyar amarya zuwa Boyekai, a bayan amalanken shanu.

Wanda ya fi yawa, kuma ya fi ban tsoro don kamalarsa, Alhaji Ciko ne. Ba ya gudu, ba ya rigima, bai kuma taɓa juye man birki ba tun da motar ta shigo hannunsa. In ya ragu a ƙara. Alhali man nan mashayin ruwa ne, yana zuƙar laima daga iska, balle da damina a fadamar Rima. Sabon DOT 3 yana jure digiri 205, amma da ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari sai ya dawo 140. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a juye duk shekara biyu. Raguwar kanta magana ce: ko fatar birki ta cinye, ko wani wuri na yoyo. Alhaji dai zai ɗauko ragowar kwalbar bara daga but, murfinta a sake, ya ce, "Wanga ma ya isa, ɗana."

Direban J5 mai lodin albasa da tafarnuwar Wurno shi ba ya zuwa shago. In mai ya tsiyaye a daji, ruwa da Omo. A digiri 100 ruwan zai zama tururi, a taka birki ya tafi ƙasa salin-alin, karen mota ya diro da gudu yana neman dutse.

Mai fenti kaɗai ba ya sukar kowa a cikinsu. Man birki yana cin fenti, kuma dukkansu sukan zuba shi ne ba mazurari.