Yadda Ake Ɗaukar Sikirinshot Ba Tare da An Kashe Waya Ba

Kafin komai, ka tabbata wayar tana kunne. Wannan sharaɗi ne da masana ba su yi saɓani a kansa ba.

Sai ka nemo abin da kake son ɗauka. A ƙa'ida, ana ɗaukar sikirinshot ne don adana abu mai amfani, kamar lambar asusu, ko adireshin gidan biki, ko lokacin tashin jirgin ƙasa. A aikace kuwa, abin da za ka ɗauka shi ne saƙon da wani ya rubuto maka cewa in Allah ya yarda zai biya ka kuɗinka ranar Juma'a. Babu laifi. Waya ba ta tambayar niyya.

Yanzu ka duba gefen wayarka. In Android ce, za ka ga madannai uku: na ƙara murya, da na rage murya, da na kunnawa. Na rage murya da na kunnawa za ka danna, a lokaci guda. Lokaci guda nake nufi, ba ɗaya na bin ɗaya ba. In na murya ya riga, ka rage murya ne kawai, wanda abu ne mai kyau amma ba shi muka zo yi ba. In na kunnawa ya riga, fuskar wayar za ta yi duhu, sai ka koma sakin layi na farko ka sake karantawa a tsanake. In kuma ka danna daidai, sai ka saki. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, saboda suna ganin riƙewa da ƙarfi shi ke sa hoto ya fito da kyau. A wayar Samsung, in ka riƙe waɗannan madannai biyu fiye da daƙiƙa 7, wayar za ta mutu ta sake tashi da kanta, kuma ba za ta tuna abin da kuke yi ba.

Kamfanin Google ya sa wannan dabara a cikin Android 4.0 a shekarar 2011. Kafin nan, mai son adana maganar wani sai ya haɗa waya da kwamfuta, ko kuwa ya riƙe maganar a ka. Kai kuwa yana mantuwa, shi ya sa a wancan zamanin aka fi yafe wa juna.

Mai iPhone nasa daban ne. Tun daga iPhone X ta 2017, wadda aka cire wa madannin da ke ƙasan fuska, madannin gefe ake haɗawa da na ƙara murya. Ƙarawa, ba ragewa ba. Tun 2020 kuma ana iya saita ta yadda in ka ƙwanƙwasa bayanta sau biyu, kamar baƙon da ya iske ƙofa a rufe, sai ta ɗauka. Mai Tecno ko Infinix zai iya jawo yatsu uku daga sama zuwa ƙasa. Mai Samsung zai iya share fuskar wayar da gefen tafin hannunsa daga wannan gefe zuwa wancan. Waɗannan hanyoyi biyu na ƙarshe suna buƙatar hannu mai tsabta, don haka ba a yin su ana tsakiyar tuwo da miyar kuɓewa.

Alamar nasara ita ce fuskar wayar ta yi walƙiya, ta kuma yi ƙara irin ta kyamara. Ƙarar nan abin lura ce. In mutumin da kake ɗaukar saƙonsa yana zaune kusa da kai a kan tabarma, ka rufe bakin wayar tun da wuri. In ka manta, ka yi tari. Tarin ya zo daidai da ƙarar, domin tarin da ya zo bayanta jawo hankali yake yi.

To, hoto ya samu. Kada ka tura tukuna. Sikirinshot shaida ne da ba ya zaɓen ɓangare, duk abin da ya gani a fuskar waya sai ya faɗa, har da naka. A saman hoton akwai agogo. In agogon ya nuna ƙarfe biyu da rabi na dare, ka shirya amsar abin da ya hana ka barci. Kusa da agogon akwai batir. In cajinka kashi 3 ne cikin ɗari, duk girman abin da ka tura, ko da hujjar cin amana ce, amsa ta farko da za ka samu a guruf ita ce, "Malam, ka sa wayarka a caji." Mutum na biyu zai tambaya ko ba a kawo wuta ba ne a unguwarku. Daga nan magana ta koma kan wutar lantarki, kuma ba ta dawowa. Saboda haka mai hankali yakan cika caji kafin ya tona asiri.

Maganin sauran shi ne yankewa. Ka taɓa hoton, ka ja gefunansa ciki. Yankan yana da ma'auni: ka yanke daidai inda baƙar maganar da kai ka fara faɗa za ta fita daga hoton, amsar da ya ba ka kuma ta zauna ciki cikakkiya. In ka yanke da yawa za a ce ka ɓoye wani abu. In ka yanke kaɗan za a ga abin da ka ɓoye.

Turawa ita ce mataki mafi haɗari, kuma haɗarin daga tsarin manhaja yake. Idan ka zo turawa a WhatsApp, sunayen waɗanda ka yi hira da su kwanan nan su ne a sama. Wanda ka yi hira da shi na ƙarshe kuwa shi ne mai saƙon. Yatsa kuma sama yake so. Ta haka ne hoton maganar Alhaji, tare da bayaninka a ƙasa mai cewa "ka ga halin mutumin nan ko", yake isa wurin Alhaji. Tun 2017 WhatsApp ya ba da damar goge saƙo daga wayar kowa, sai dai yana barin sanarwa cewa an goge wani abu, kuma Alhaji shi ma yana da madannai uku a gefen wayarsa. Abin da ya rage shi ne ka rubuta, "Ranka ya daɗe, yaro ne ya ɗauki wayar." In ba ka da yaro, na maƙwabta ya isa.

Akwai abubuwan da ba sa ɗaukuwa. Saƙon murya, alal misali, layuka ne kawai za su fito da adadin mintuna. Duk da haka ka tura, domin minti shida na magana da kansa hujja ne cewa an faɗi abin da bai dace ba. Hoton da aka turo don a gani sau ɗaya, WhatsApp ya toshe ɗaukarsa tun 2022. Wasu manhajojin banki ma ƙin yarda suke yi, ko su ba ka hoto baƙi ƙirin. A nan sai ka ari wayar maƙwabcinka ka ɗauki hoton fuskar taka. Fankar silin da rabin fuskarka za su fito a gilashin, amma rubutun zai karantu. Ka sani dai yanzu hujjar tana wayar maƙwabci, shi ma kuma yana da guruf.

Batun rasit na tura kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Ka ɗauka, ka nuna wa mai shago, zai duba da kyau, ya yaba, sannan ya ce ka zauna a benci har alat ya shigo.

Wata rana wayar za ta sanar da kai cewa wuri ya cika. Ka shiga ma'ajiyar hotuna ka yi zaɓe. Hotunan suna da na Sallah ana iya goge su, tunda mutanen da ke ciki suna nan, za ka iya kallonsu a gida. Sikirinshot ba a goge shi. In wurin bai isa ba, sai ka nemi katin memori a Farm Centre in kana Kano, ko sabuwar waya in iPhone gare ka, don ita ba ta da ramin kati. Kafin ka fita, ka tambayi mai shagon farashi a rubuce, in ya faɗa ka ɗauki sikirinshot, kada ka isa ya ce dala ta tashi. In wayar ta ƙi ɗauka saboda babu wuri, ka sake sallama da maƙwabci.