Dodon Landan da Aka Tsinto a Jos

Tun ranar da na yi suɓutar baki na gaya muku cewa na yi odar faifan wani tsohon shirin Turawa daga Ingila har ɗakina a Sri Petaling ta Malesiya, ban ƙara shan ruwa da daɗi ba. Wani ya ce shi ya zaci an gama kwashe na'urorin saka faifai an kai Gidan Makama. Wata Hajiya daga Katsina ta tambaya, cikin ladabin nan mai yanka, ko karatun da aka turo ni yi ke nan. Wanda ya fi ƙona mini rai kuwa Bazazzagi ne, kuma kun san Bakano ba ya barin bashin Bazazzagi ya kwana. Cewa ya yi da canjin aljihunsa za a tura masa shirin gaba ɗaya a waya a bakin PZ, har a ɗora masa fim ɗin Indiya a kai.

Kafin in zo kansa, bari in sallami wanda ya ce ai dama unguwarmu ce hedikwatar jabu. Malam, ka haɗa biyu. Wancan Jalan Petaling ne, can tsakiyar Kuala Lumpur, inda ake sayar da agogo mai suna babu asali. Sri Petaling tana kudu, maƙwabciyar Bukit Jalil, inda babban filin wasan da ya karɓi gasar Commonwealth ta 1998 yake. Abin da muke da shi gidajen abinci ne birjik a Jalan Radin Bagus, da kasuwar dare ranar Talata, da ruwan sama da ba ya sallama. Shagon faifai kam sai an tona, domin Speedy Video da ke da rassa a manyan kantuna ya rufe tun 2020. Shi ya sa sai oda.

Shirin shi ne Doctor Who na BBC, wanda aka fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Labarin wani taliki ne da ba ɗan duniyar nan ba, yana yawo tsakanin taurari da zamunna a cikin shuɗin akwatin 'yan sanda wanda cikinsa ya fi wajensa girma. Jakar magori dai. Ina jin dariyarku daga nan. Ku da kuka girma kuna gyaɗa kai ana gaya muku Gizo ya ari fuka-fukai ya tashi sama, yau akwati ne ya zama ƙarya?

Ga abin da ba ku sani ba. A shekarun 1960 da 1970 kaset ɗin ɗaukar shiri tsada gare shi, don haka BBC takan goge tsohon shiri ta ɗora sabo a kai. Haka kashi fiye da 90 na Doctor Who suka salwanta. Abin da ya ceci wasu shi ne, kafin a goge, akan kwafe shirin a kan fim ɗin majigi mai faɗin milimita 16, a zuba a gwangwanaye, a sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje. Wannan ƙasa ta nuna ta miƙa wa waccan, har gwangwani ya manta hanyar gida. A watan Oktoban 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya samo kashi tara da aka cire rai da su, a jibge a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin. A ina? A Jos. Jos ɗin nan taku ta Farin Gada da Terminus. Biyar na labarin The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear, waɗanda aka nuna a Ingila tsakanin ƙarshen 1967 da farkon 1968. Kuma ba shi ne karo na farko ba, tun a shekarun 1980 an mayar musu da wasu daga Nijeriya.

Wato abin da na biya kuɗin gurasar roti canai na sati biyu na saya, shekara da shekaru yana kwance a Filato yana shan sanyi kyauta. Ban saya don son Turawa ba. Kayanmu na fanso.

Ranar da ya iso, na wanke hannu, na saka a na'ura, na gyara zama. Na'ura ta yi ƙugi ta tofo shi waje. Ashe masu faifan DVD sun yanka duniya shiyya-shiyya kamar gonar gado: Ingila shiyya ta 2, Malesiya ta 3, Nijeriya ta 5. Faifan wata shiyya ba ya gaisawa da na'urar wata. Sai da na rungumi na'urar zuwa wurin wani dattijo ɗan Sin mai gyaran rediyo. Ya dube ni ta saman tabarau, ya karɓi rimot, ya danna wasu lambobi kamar mai buga ƙasa, ya ce, "Bos, an gama." Ko sukurudireba bai ɗauka ba. Na san Bazazzagi zai riƙe wannan ya yi ta yawo da shi. Ya riƙe, na yafe masa.

Yanzu maganar kyan hoto, inda kuka fi ɗaga murya. Kun ce baƙi-da-fari baƙi-da-fari ne, ko a waya ko a bango. To ku zo ku zauna. The Web of Fear kusan duk a cikin duhu yake, a ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan, waɗanda a sutudiyo aka gina su. Wasu dodanni masu gashi buzu-buzu da ake kira Yeti suna bin sojoji a ciki. Daɗin abin shi ne ka hango wani abu yana motsi can cikin baƙin kafin sojan ya hango. A faifai duhun nan hawa-hawa ne: ga baƙi ƙirin, ga toka-toka, ga ɗan ƙyallin layin dogo, ga idanun dodo biyu suna tahowa. A kwafin da aka matse don ya shiga memori kuwa, duhu ne abu na farko da ake yanka. Sai ya dunƙule ya zama murabba'ai, kamar allon dara, suna rawa. Ba ka sanin dodo ne ya taho ko datarka ce ta ƙare. Na gwada wa wani ɗalibi ɗan Gusau da ke karatu nan Bukit Jalil, na ajiye wayarsa a gefen talabijin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi da ya zaci sojan hula ce kawai a kansa, ashe har da fuska.

Kuma ba wanke fim kawai aka yi aka zuba ba. An bi shi hoto bayan hoto an cire ƙura da karce. Sannan akwai wata dabara da ake kira VidFIRE. Kyamarar talabijin tana haska hoto sau 50 a daƙiƙa, fim ɗin majigi kuwa 25 yake kamawa, don haka rabin motsin ya zube a hanya. Kwamfuta ce take lissafa abin da ya ɓace a tsakani ta mayar, sai tafiyar mutum ta dawo sumul kamar yadda 'yan Ingila suka gani a 1968.

Amma fa ba zan yi muku ƙaryar 'yan talla ba. Wanda ya ce muku Blu-ray zai mayar da waɗannan garau kamar Labarina, kuɗinku yake so. Layin hoton talabijin na wancan zamani 405 ne, daga baya 625, Blu-ray kuwa 1080 yake ɗauka. Ba a tatsar abin da babu a hantsa. Inda aka dace shi ne Spearhead from Space na 1970, labarin farko mai launi, wanda yajin aiki ya hana a ɗauka a sutudiyo, aka ɗauke shi kacokan a kan fim. Shi da ya fito a Blu-ray a 2013 har zaren rigar jarumin shirin, Jon Pertwee, kana ƙirgawa. Yajin aikin da ya taɓa amfanar wani ke nan, sai a gaya wa malaman jami'a.

Sai gyara. Haka nake kiran ƙarin abubuwan da ke cikin faifai, domin Bahaushe ko ƙosan naira hamsin ya saya sai ya tsaya a jefa masa ɗaya. Ku da ba ku barin mai tumatir sai ta ƙara, ku ne kuke tambayata amfanin gyara? Akwai wanda tsofaffin 'yan wasan suke zama suna hira a kan shirin yana tafiya, kamar ka je gidan kallo da wanda ya riga ya gani, sai dai wannan shi ne a ciki. Akwai rubutun da ke fita a ƙasa yana gaya maka ranar da aka ɗauki wannan fage da abin da aka yanke. Akwai hirar yadda aka yi farautar gwangwanayen. A irin wannan gyara ne za ka ji cewa ko kashin da hotonsa ya ɓace, sautinsa yana nan, saboda wasu yara a Ingila sun riƙa kafa rikoda a gaban talabijin suna naɗa. Da a gidanmu ne, da an ce yaro ba shi da aikin yi.

Zan ba ku sanda ɗaya ku dake ni da ita. Fitowar farko ta The Enemy of the World a 2013 tsirara ta zo, babu gyara. A 2018 aka sake fitar da ita da kayanta. Na sayi duka biyun. Haka The Web of Fear, 2014 da 2021. A ta biyun an cike gurbin kashi na uku, wanda har yau ba a gani ba, da zanen kwamfuta, mutane suna wawwatsa hannuwa kamar 'yar tsanar da aka ɗaura wa zare. Sau ɗaya na kalla na ce Allah ya ba da lada.

To Bazazzagi, na zo kanka. Kai da komai yana waya, turo mini Samanja Mazan Fama tun daga farko, garau, yadda marigayi Usman Baba Pategi ya yi shi. Turo mini Karkuzu cikakke. Turo mini Turmin Danya na 1990, wanda da shi aka buɗe kasuwar da ta cika Ƙofar Wambai da kaset. Ba guntun da wani ya ɗauka daga kaset mai ruwan ƙasa ba, mai layi yana hawa yana sauka kamar guga. Ina jira. Ba sauri, ni ma sai na je kasuwar dare na dawo.

Ku kuma mutanen Jos da kuka yi shiru kuna murmushi, da ku nake. Philip Morris ya ce da idonsa ya ga kashi na ukun nan na The Web of Fear tare da sauran a kan kanta, amma kafin a kwashe su ya yi ƙafa. Don Allah a duba ɗakin shirgin Baba, bayan tsohon keken ɗinki, ƙarƙashin buhun dankali. In an ga wani faffaɗan gwangwani mai tsatsa kamar murfin tukunyar biki, kada a ba 'yan gwangwan. A kira ni, ni zan biya kuɗin mota.