Ina ajiyar, Bazazzage?

Bawana Bazazzage, an ce tun da ka kama shago a Rijiyar Lemo, bakin titin Katsina, ka zama injiniya. Ka girke saba guda, ka tsaga cikinta ta haifi kwamfutoci da yawa: wannan ta lissafin 'yan Kwari, waccan ta rasiɗan 'yan Sabon Gari, wata ta sakamakon jarrabawar makarantu. Madalla. To, ina ajiyar bayanan mutane?

Wai da aka tambaye ka sai ka gyara tabarau ka ce akwai sinafshot. Malam, ai wannan hoton a kan faifan da yake gadi yake kwance. Ranar da faifan ya mutu, tare za a yi musu sallah. Ka kulle akwati, ka jefa makullin ciki. Kwafi na biyun ma, in ji majiyata, yana kan sabar, gefen kofin shayinka.

Ba ka Kano a Maris 2016, sa'ad da gobara ta lashe dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari? A Agusta 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari. In kuma sai Bature ya faɗa za ka yarda, yadda kuka saba, a Maris 2021 wata cibiyar sabobi ta kamfanin OVH ta ƙone a Faransa, waɗanda ajiyarsu ke waje ɗaya da sabarsu suka tashi a tutar babu.

Kai kuwa kana ta musun manhaja a majalisa. Tun da Broadcom ya sayi VMware a 2023 lasisi ya koma na haya, kuma da dala. Mu Kanawa ba ma wasa da wannan. Manhajar ajiya kuwa, Proxmox Backup Server kyauta ce, Veeam ma tana da ta kyauta har kwamfuta 10. Ɗauki wadda ta dace da sabarka, ba nan gizo ke saƙar ba.

Kwafi 3 ake so, a ma'aji iri 2, ɗaya a nesa. Na nesan a zare shi daga layi, don masu garkuwa da bayanai ajiya suke fara nema kafin su yanka kuɗin fansa. Ga mota a Unguwa Uku, ka kai faifan gidanku. Ko ba komai Zariya ta yi wa Kano rana sau ɗaya.

Asabar ina tafe. Za ka tayar min da kwamfuta ɗaya daga ajiyar ina kallo. In ta ƙi tashi, kuɗin sharar bana ninki biyu za ka biya.